Sati Uku Yana Kallon Gabas

Shin da na ƙi jera masa buhunan gero a bayansa, da na ce masa ya tashi ya zauna kamar kowa, da Malam ya ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ko da na wata ɗaya ne? Na tambayi likita, na tambayi liman, na tambayi kaina har na gaji, ban sami amsar da ta zauna mini ba. Wata biyu ke nan da fitata takaba, amma hawayen ba su san an fita ba.

Ni ce Kulu ta Marnona. Ban yi boko ba, ɗiyata Saratu mai koyarwa a Rabah ita ke rubuta abin da nake faɗi. Na ce ta sa har da wuraren ban dariya, don ubanta ba zai yarda a ba da labarinsa da murtukakkiyar fuska ba. Kuma ina so duk mai shirin kai nasa asibiti ya ji abin da ya same mu.

Malam manomi ne, gero da damina, albasa da rani, amma ba da noma anka san shi ba. Duk garin nan Mai Sahu ake ce masa. Fiye da shekara talatin, in an tayar da salla a masallacin unguwarmu, ba ya kabbara sai ya bi layi ɗaya bayan ɗaya yana zungurar diddigen mutane da babban yatsansa. Babu wanda ya naɗa shi, babu kuma wanda ya iya sauke shi. A gida ma haka. Takalma a jere, tukwane a jere, da awaki za su yarda da su ma ya jera su.

Ciwon ya fara da shigowar bazara. Baya ne, can ƙasa wajen ƙugu. Satin farko ya ce ɗaukar buhun albasa ne. Sati na biyu ruku'u ya fara yi masa wuya. Sai ga ƙanensa Garba daga Giyawa a kan babur. Garba dillalin albasa da tafarnuwa ne, abokin wasana tun ranar da anka kawo ni gidan nan, kuma bai taɓa jin sunan cutar da bai san maganinta ba.

“Sanyi na,” in ji shi, tun bai cire takalmi ba. “A daka tahwarnuwa a shahwa mai.”

“Garba, in an ce maka rumbu ya tsage, tahwarnuwa za ka ce a shahwa mai.”

“Ke matag ga, da bakinki magani na da an daɗe da ruhe asibitin Wurno.”

Munka shafa. Kwana huɗu ɗakin ba ya shiguwa, ko ƙuda ya daina zuwa gaisuwa. Wanzami ya zo ya yi ƙaho. Wani Bafillace abokin Malam ya kawo man shanu a ƙwarya, Allah ya saka masa, rabi munka murza a bayan, rabi ya shiga miya. Wata makwabciya ta kawo sassaƙe mai ɗacin da ya sa Malam ya tambaye ta ko akwai wata tsohuwar gaba tsakaninsu da ya manta. Haka munka cinye sati shida, yana ramewa, wandonsa yana neman ƙarin ɗauri.

Abin da ya kai shi asibiti ba zafin ciwo ba ne. Ran nan da la'asar ya gama gyara kowa, ya shiga wurinsa, sai wani mahauci da ya sha zunguri a hannunsa shekara da shekaru ya taɓa masa kafaɗa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Malam, ɗan ja baya, ka hita sahu.” Ya duba ƙasa, ga ƙafarsa ta hagu can gaba ita kaɗai. Ya dawo gida bai ko kalli tuwo ba.

“Kulu, yau mahauci yag gyara mani sahu.”

“To mi a ciki? Kai ba kana gyara mai kullum ba?”

“Ba ki gane ba. Ƙahwar tat tahi gaba ban sani ba. Ba ta gaya mani ba.”

Na je na kira Sista Rahila, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na garinmu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta daɗe cikinmu har ta san wanda ke ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin tabarma. Ta tsikari tafin ƙafarsa da tsinke, bai ji ba. Ta ce wannan ya wuce ta. A Wurno sunka duba, sunka ce ya wuce su, sai Sakkwato, akwai na'urar da ke ɗaukar hoton cikin baya ba tare da an tsaga mutum ba. Sunanta Em-Ar-Ai. Sun ce in hoton ya nuna abin da ke danne masa jijiya, kuma abin mai ciruwa ne, ana iya yi masa aiki ƙafar ta dawo. Wannan kaɗai Malam ya riƙe: hoto, aiki, ya koma masallaci. Tunkiyata mai baƙin kunne ita ta kai mu Sakkwato, ita ba ta dawo ba.

Kwana biyu munka yi a layi, ni da shi da Garba da Saratu. Benci ɗaya, mutane kamar ranar kasuwa, wasu daga Goronyo, wasu har daga Nijar. Malam da sandarsa da ciwonsa sai da ya tashi ya gyara layin karɓar kati, kuma wallahi layin ya fi sauri bayan nan. Da anka kira mu, ma'aikaciyar ɗakin ta ce duk wani ƙarfe a bar shi waje, don cikin na'urar akwai mayen ƙarfe mai fizgar abu daga nesa. Garba ya zazzage aljihunsa, makullai, wuƙar yankan albasa, ƙusa uku, sai da matar ta ce ai shi ba ma shiga zai yi ba.

Ni ta taga na hango. Abin kamar babban kwalbati ne fari, da gado mai shigewa ciki. An ce masa ya kwanta rigingine kada ya motsa. Da ta fara ƙara, kamar an haɗa maƙera da injin niƙa a ɗaki ɗaya, sai Malam ya ɗaga kai ya ce a rage. Anka ce ya kwanta. Ya kwanta, bayan ya soke shi, ya gyara. Ya yi tari. Ya sosa hanci. Ya sake ɗaga kai ya tambaya ko an kusa.

Likitan da ya kira mu bayan azahar matashi ne mai gilashi, an ce ya yi karatu a ƙasar waje. Mutumin kirki, ina yi masa addu'a har yau, ko da yake ina da ƙorafi a kansa. Ya ce hoton ya dagule saboda motsi, yana ganin alamar wani abu amma ba zai iya cewa ga shi ba, sai an sake. Layi kuwa ya cika, sai bayan sati uku.

Da nan maganar ta tsaya da ban zauna ina ba da wannan labari ba. Amma Malam ba ya barin abu a karkace.

“Ɗana, na'urag ga da mi taka gani? Ni ban ga ido gare ta ba.”

Likitan ya yi murmushi, ya ajiye alƙalami. Ka san mai ilimin da ya daɗe bai sami mai tambayarsa ba. Ya ce, “Baba, ba gani take ba, saurare take. Cikin ruwan jikin mutum akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, kowanne da inda ya fuskanta, kamar mutane a kasuwa. In ka shiga na'urar, mayen ƙarfen nan kamar kiran salla ne. Sai dai duk kasuwar, 'yan kaɗan ƙwarai ne ke juyowa su shiga sahu. Amin ɗin waɗannan kaɗan ɗin na'urar ke saurara ta haɗa hoto. Shi ya sa sai an daɗe, kuma sai an yi tsit.”

Na ga Malam ya miƙe zaune, abin da ya kwana biyu bai iya ba.

“Kana nuhin cikin jikina babu sahu?”

“Jikin kowa haka yake, Baba. Amma inda na yi karatu suna gwada wata dabara. Su sami wata iska ko wani ruwa, su jera nasa ƙananan abubuwan tun a waje, jama'a mai yawa duk fuska ɗaya, sai majinyaci ya shaƙa ko a yi masa allura. In sunka amsa amin, na'urar ba ta wahalar ji, har abin da da ba ta iya jiyowa sai ya fito. Sai dai a yi maza, don ba su daɗewa suke watsewa, kamar an sallame salla.”

Ya faɗi sunan dabarar, dogo ne kamar igiyar guga. Saratu ta rubuta shi da sauran maganar likita a bayan kati, ta ce wai haifafolaraizeshan.

“A ba ni iskag ga,” in ji Malam.

“Ba mu da ita nan, Baba. Can ma ba ko'ina ba, ana kan bincike ne. Kuma hotonka ba ya bukatarta. Kai dai ka dawo ka kwanta shiru.”

Wannan magana ta ƙarshe ni na ji ta, Saratu ta ji ta. Malam kuwa ya riga ya tafi wani wuri. A hanyar komawa, da munka kusa gida, ya ce, kamar mai magana da kansa, “Shekara talatin ina gyaran na mutane, ashe nawa a watse.”

Saratu ta koma Rabah wajen aikinta. Washegari da hantsi Malam ya sa Garba ya jawo gado tsakiyar ɗaki. Garba yana da waya mai nuna alƙibla, ya ɗora ta a ƙasa yana juya gadon kamar mai saita injin ban ruwa. Malam ya hau, ya kwanta a kan damansa, fuska gabas, ya ce daga yau har ranar hoto haka zai zauna. Tun da Turawa sun hana iskarsu, shi zai jera nasa da kansa. In jiki ya daɗe yana kallon wuri ɗaya, dole na cikinsa su gaji su juyo.

“Malam, likita bai ce hakanga ba.”

“Likita ya san na'ura, ni na san jama'a. Ba a gyara su da gaggawa. Tsayawa akai a kansu.”

“Gaskiya ta,” in ji Garba. “Ko albasa in ka jera ta a rumbu kwana biyu, kwantawa takai wuri guda.”

“Kai kuma wa yat tambaye ka?”

To ga inda laifina yake, Saratu rubuta shi yadda na faɗa. Ban hana ba. Na ga mutumin da ya yi wata biyu ba ya dariya ya sami abin yi, idonsa ya dawo. Da ya ce barci yana mirgina shi, ni da hannuna na jawo buhun gero biyu na tokare masa baya. A lokacin nan yana tafiya da sanda, yana zuwa ƙofar gida ya sha iska, yana kai kansa bayan gida. Ni na taimaka ya daina.

Satin farko munka koyi zama da abin. Kunu da cokali ta gefen baki. Salla a kwance, wannan liman ya ce babu laifi ga majinyaci. Matsalar ita ce bayan gida, don ba a fuskantar alƙibla a can, kuma Malam ya fi kowa sani. Ya yi tunani rabin yini, sannan ya yanke cewa zai juya don dole, amma in ya dawo babu mai yi masa magana na sa'a guda, sai waɗanda sunka watse sun koma wurinsu. Masu zuwa dubiya kuwa ba su da wurin zama sai ta bayansa, don gabansa bango ne. Haka za su yi ta gaida ƙeyarsa, yana amsawa bango.

A rana ta tara ne Gwaggo Ige ta zo, tsohuwar da ke bayan gidanmu, kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji labarin komi ba. Ni ina madafa. Ƙudaje sun dame shi, na lulluɓe shi da farin zane har kai. Ta leƙa, ta ga mutum a miƙe a kan damansa, fuska gabas, da farin mayafi, ba motsi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta fita da salati tana kuka tun daga zaure. Kafin in sauke tukunya mata sun cika tsakar gida, maza sun taru a ƙofa, an aika a faɗa wa masu haƙa kabari. Ina ta cewa yana nan da ransa, suna ce mini, “Haƙuri, Kulu, haka zahin yake sa mutum.”

Liman ya shigo ɗakin a hankali, ya ɗaga zanen. Malam ya ce masa, “Ruhe, kana shigo mani da ƙuda.”

Liman ya ja da baya har ya zauna cikin kwanon kunu. Da hayaniya ta lafa, Malam, bai ko juyo ba, ya sa Garba ya faɗa masa waɗanda sunka zo da waɗanda ba su zo ba. Da ya ji mahaucin nan ne farkon zuwa, har da hawaye, sai ya ce, “Ashe mutumen kirki na. A ce mai ya riƙa duba mani sahu kahin in taso.”

Wannan hayaniyar ce ta kai maganar kunnen Sista Rahila. Ta shigo ba sallamar kirki, ta ture buhu ɗaya, ta ɗaga rigarsa. Ƙugunsa na dama ya yi ja, fata ta fara salewa, ni ban gani ba don a kansa yake kwance. Ta sa abin saurare a ƙirjinsa, ta ce majina ta fara taruwa. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

“Mama, wa ya ce ku yi wannan?”

Na nuna Malam. Malam ya ce likita. Ta ce wane likita, a ba ta lambarsa. Garba ya fara bayanin albasa, ta ce masa ya fita.

“Baba, ka tashi ka riƙa takawa. Ƙafar da ba a aiki da ita mutuwa take.”

“Ɗiyata, saura kwana goma sha biyu. In na tashi yanzu, na taran da niy yi sun tahi banza.”

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce za ta kira Saratu, ya ce ta kira har gwamna. Da ta ga ba zai tashi ba, ta tsaya tana kallon gadon, sai ta ce, “To gabas kake so, ko dama kake so?” Ya ce gabas. Ta ce in an mai da kansa inda ƙafafunsa suke, zai kwanta a kan hagu, kuma fuskarsa tana gabas ɗin dai. Malam ya auna maganar, ya ce yarinyar nan da namiji ce da ta yi limanci, Sista ta ce a bar ta da cocinta. Daga ranar, duk bayan salla ni da Garba muke kama tabarmar da ke ƙarƙashinsa mu juya shi kamar dutsen niƙa, yana ba da umarni, “A hankali, kada ku girgiza su.” Sista tana zuwa safe da yamma tana wanke gyambon, ba ta taɓa karɓar ko ƙwai ba. Allah ya saka mata da alheri, ya raya mata ɗiyanta.

Saratu ta zo ƙarshen sati, ta yi kuka, ta karanta masa abin da likita ya faɗa daga bayan kati. Ya ce ta karanta da kyau, Allah ya yi mata albarka, ta matsa tana tare masa gabas.

Ranar komawa munka ɗauki shatar mota. Da munka zo tayar da shi, ƙafafun biyu sunka ƙi ɗaukarsa. Sai da anka ɗauke shi. Shi kuwa hankalinsa yana kan hanya. Sakkwato yamma take da mu, don haka ya kwanta a kujerar baya yana kallon jingina, ni da Saratu muna tsugune wajen ƙafa, Garba a gaba da waya a tafin hannu. Ga damina ta fara, hanya duk rami. Kowace kwana Garba zai ce, “Gabas ta koma hagu!” sai mu karkata masa kai. Kowane rami Malam zai ce, “Direba, kana watsa mani jama'a!”

Direban ya daure har munka wuce rabin hanya, sannan ya ce, “Baba, wai mutum nawa ka ɗauko? Ni kuɗin mutum huɗu anka ba ni.”

A ɗakin hoto sabuwar rigima ta tashi. Ma'aikaciyar ta ce rigingine zai kwanta, ga shi kuma bakin na'urar ba gabas yake kallo ba. Malam ya ce a juya ta. Matar ta ce abin ya fi babbar mota nauyi, an kafa shi kafin a yi ginin. Anka kira likita. Saratu ta ba shi labari tun daga buhunan gero har Gwaggo Ige. Ya cire gilashinsa, ya dafe kai.

“Baba, ni misali na ba ka. Kwanciya ba ta jera su. Mayen ƙarfen ne kaɗai ke yi, kuma da ka fito shi ke nan. Na'urar tana da nata gabas a cikinta, duk wanda ya shiga ita yake bi.”

“To ai ka ga sun saba da bin umarni yanzu,” in ji Malam. “Kai yi naka, ni na yi nawa.”

Anka tura shi ciki. Ƙara ta tashi. Mutumin da ya yi sati uku yana kallon bango, mi ƙarar injin za ta yi masa? Ko yatsa bai ɗaga ba. Har matar ta tsayar ta leƙa ta ga ko yana numfashi. Da anka fito da shi ta ce tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa samun wanda ya kwanta kamarsa ba. Malam ya kalli Garba, Garba ya kalle ni kamar shi ya ƙera na'urar.

Hoton ya fito sarai. Har ni da ban san komi ba na ga ƙashin baya a jere kamar an ɗora goro kan goro, da wani abu baƙi-baƙi da ya naɗe wuri ɗaya, da wasu ƙanana sama da shi. Likita ya sa anka zaunar da mu. Ya yi magana a hankali. Ya ce ciwon daji ne, ya daɗe, ya bazu, ba abin da wuƙa za ta cire. Za su ba da maganin rage zafi. Kalmar da ta zauna mini ita ce da ya ce, “Ku kai shi inda ya fi jin daɗi.”

Saratu ta fita da gudu. Garba, wanda bai taɓa rasa magani ba, ranar ya rasa. Malam ya ce a matso masa da hoton.

“Ɗana, ya hito sarai?”

“Sarai, Baba. Ban taɓa ganin wanda ya fi shi ba.”

“To alhamdu lillahi. Ba mu ji kunya ba.”

A bakin ƙofa na tare likitan na tambaye shi ko kwanciyar nan ce ta kashe ƙafafun. Ya ce ciwon da kansa zai kai can, ko an kwanta ko ba a kwanta ba, ya kuma ce in yafe masa yawan bayani. Da na tambayi Sista Rahila, ta ce Allah ne masani, tana kallon wani wuri. Don haka ga abin da zan ce wa mai kai nasa asibiti: in likita ya yi magana, kafin ku fita ku tambaye shi wanne ne umarni, wanne ne hira. Kuma in majinyaci ya ƙirƙiro nasa maganin, komi daɗin da yake ji, ku gaya wa ma'aikacin lafiya tun ranar, kada ku bari sai an zo jana'iza.

Sati biyar ya yi bayan nan. Munka mai da buhuna rumbu, munka fito da gadon rumfa inda yake ganin shiga da fitan kowa. Maganin yana sa shi barci, in ya farka ya nemi fura, ya sha kurɓi biyu ya ce ta ishe shi. Garba ya bar kasuwarsa ya tare a gidanmu, shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa aski, muna faɗa a kansa kamar kullum don ya sami abin dariya. Gyambon bai warke ba har ƙarshe, kuma duk wankin da za a yi sai na fita bayan ɗaki na yi kukana na dawo.

Ranar Laraba bayan la'asar numfashinsa ya sauya. Liman ya zo, shi da Garba sunka mai da shi ɗaki, sunka kwantar da shi a kan damansa, sunka fuskantar da shi alƙibla, wannan karon da dalili. Ni na zauna ta bayansa ina yi masa fifita, ina kuka ba sauti don kada ya ji. Kalmar shahada ya cika da ita, liman da Garba shaida ne, Allah ya sa ta zama guzurinsa, ya haskaka kabarinsa. Amma wannan da Ubangijinsa ya yi ta. Maganarsa ta ƙarshe da ni ta riga ta da kaɗan. Na ji ya kira sunana can ƙasa, na sunkuya kan kafaɗarsa.

Ya ce, “Kulu, zagayo ta gabas ki zamna. Bangon ga ya ishe ni kallo.”